Kallamu Ɗan Bombai da Dodon Takarda

Wani mutum ne a Kafin Gauta ana ce masa Kallamu Ɗan Bombai. In ka taɓa zuwa garin ba ka gan shi ba, to ka ji shi, don muryarsa tana riga shi isa ko'ina. Siriri ne kamar sillen kara, ga wuya kamar na zalɓe. Amma gashin baki, nan Allah ya yi masa baiwa. Kullum da safe sai ya shafe shi da man kaɗe, ya murɗe, ya ɗaga shi sama kamar ƙahon ɓauna.

Asalin sunan nan kuwa, Kallamu ya taɓa ɓacewa daga gari shekaru da dama, har an fara fitar da rai. Kwatsam wata ranar kasuwa sai ga shi ya diro daga bayan a-kori-kura, da jakar bakko a ka, da wani baka mai tuntaye ja da rawaya wanda ya kusa fin shi tsawo.

Aka ce, "Kallamu, ina ka shiga?"

Ya ce, "Bombai, can ƙasar Indiya."

"Indiya dai ta fim?"

Ya yi tsaki. "Fim? Ai fim na 'yan birni ne. Ni can ciki na shiga, kan duwatsu, inda ko 'yan Indiyan ma sai da ɗan jagora."

Daga ranar teburin mai shayi ya zama fadarsa. Labari guda ne, amma kullum sai ya yi sabon reshe. Wai a zamanin da, tun duniya na kwance, an yi wani ɗan sarki a ƙasar Hindu, sunansa Yarima Banajit. Wai da kwari a bayansa aka haife shi, ungozoma ma sai da ta yanke a hannu. In ya harba kibiya ɗaya, kafin ta isa ta zama dubu. Wata rana uwarsa ta yi shanyar barkono, hadari ya taso, ya fito ya dinga harbin ɗigon ruwan sama ɗaya bayan ɗaya, har aka ɗauke ko ɗigo bai taɓa barkonon ba.

"To kai ina ruwanka da shi?" in ji wani.

"Ina ruwana? Ni ne ɗan gidansu na ƙarshe! Wani tsoho na tarar a kan dutse, gemunsa har gwiwa, jikan jikan jikan yariman. Ya duba tafin hannuna ya fashe da kuka. Ya ce kai muke jira. Aka yi mini wanka da madara, aka mai da ni ɗan gida, aka miƙa mini bakan nan. In na mutu yau, wallahi Indiya sai ta yi hutu."

Tsofaffin mata da sunan ya gagara a bakinsu sai suka mai da shi Yarima Ba-Na-Ji. Suka ce ai ya dace da magajinsa.

Abu guda ne kawai. Ba mahaluƙin da ya taɓa ganin kibiya ta tashi daga bakan nan. Birai suka addabi masarar fadama, aka zo wurinsa, ya ce kibiyar yarima ta fi ƙarfin biri. Shaho ya hana kaji sakat, ya ce shi da masu fiffike akwai amana. Ranar da mahaukacin kare ya shigo kasuwa kuwa, a ƙarƙashin teburin mai shayi aka tsinto shi. Ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Kun ɓata mini saiti. Daga ƙasa nake nemansa."

Akwai wata bazawara mai waina a bakin tasha, Tabawa. Mace ce mai kan jiki, ga tsafta, ga baki kamar reza. Kallamu ya daɗe yana zarya wurinta, ita kuma ta daɗe tana auna shi. Rannan ya zauna ya ɗauko labarin barkonon uwar yarima, ta juya waina ta ce,

"Malam Kallamu, ni fa na yi auren mai baki sau ɗaya, har yanzu kunnena bai warke ba. In dai da gaske kake, in ga kibiya ta fita daga bakan nan ta sami wani abu. Ko ƙadangare ne. Ranar sai ka turo manyanka."

Ya murɗa gashin baki. "Hajiya Tabawa, ƙadangare? Ki jira babbar rana."

Babbar rana kuwa ba ta yi nawa ba.

Dama an gina kamfanin casar shinkafa a bayan gari. Manajan wani ɗan Indiya ne, Mista Kulkarni, haihuwar Kano. Ya taho da mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa ƙarama mai farin gashi da tabarau, ana ce mata Iya Malati. Ta tsufa a Kano, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Tun da aka buɗe kamfanin Kallamu ya daina bin hanyar nan. In aka tambaye shi sai ya ce ƙurar injin tana sa masa mura.

Da kaka ta yi, Mista Kulkarni da Iya Malati suka je gaida Dagaci. Suka ce a garinsu akwai wasan da ake yi bayan girbi, suna so su yi shi a filin kamfani, gari duka ya zo a ci a sha. Wasan wani yarima ne da ya kashe dodo mai kai uku wanda ya shanye kogi ya bar talakawa da ƙishirwa. Sun riga sun haɗa dodon da gora da takarda. Matsalar dai ita ce injiniyan da ya saba fitowa a yarima ya tafi gida aure.

Dagaci ya ce, "Yaya sunan yariman?"

Iya Malati ta ce, "Banajit, ranka ya daɗe."

Dagaci ya buga cinya. "Faɗuwa ta zo daidai da zama! Ai ɗan gidansu yana nan garin. A kira mini Kallamu!"

Da saƙo ya iske Kallamu, shayin da ke bakinsa ta hanci ya fito. Amma jama'a na kallo. Ya saɓa baka ya nufi ƙofar fada, rabin kasuwa na biye da shi.

Iya Malati ta dube shi ta saman tabarau, daga hula har silifas. Ta haɗa hannuwa ta yi masa magana da yarensu.

Kallamu ya kaɗa kai hagu da dama. "Acca, acca."

Ta ƙara wata maganar, doguwa.

"Acca."

Ta ƙara.

Gumi ya tsatso masa. Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, wannan Indiyancin birni ne. Ni na kan dutse na koya. Mai zurfi ne, ba kowa ke jin sa ba."

Tsohuwa ta yi murmushi. "Ayya. Ni dai cewa na yi ko ka ci abinci."

"Wannan kam na ji. Ban ci ba."

Dagaci ya gyara zama. "To Kallamu, ga fili ga mai doki. Ka san tun rasuwar Sarkin Baka kujerar nan ba kowa. In ka fitar da garin nan kunya a gaban baƙi, rawanin naka ne."

Mista Kulkarni ya ce abin ba wuya. Za a tsai da shi a kan keken yaƙi, dodo na can nesa kaɗan, ya harbe shi a ƙirji, shi ke nan.

To ka san mai cika baki, bakinsa ba ya shawara da shi. Kallamu ya hango Tabawa a cikin 'yan kallo, ta riƙe ƙugu. Sai kawai ya ji bakinsa yana cewa,

"Da ido a buɗe? Haba Manaja, wannan ai raini ne. A ɗaure mini ido!"

Wuri ya ɗauki sowa. Iya Malati ta ce ko zai zo gobe a gwada. Ya ce kibiyar yarima ba a gwada ta, sau ɗaya take fita. Ta ce, "Haka ne," tana goge tabarau da gefen mayafinta.

Washegari da sassafe Kallamu ya sulale can ƙarshen fadama inda ba kowa. Ya tsaya gaban wata kuka mai faɗin ɗaki. Ya ɗana kibiya, ya ja, ya saki. Ɓalak! Ta faɗi a kan babban yatsansa. Ya sake ɗanawa. Tsirkiya ta tsula masa a kunne, fyaɗ, har ya ga taurari. Ta uku kuwa ta tashi, amma shi kansa bai san inda ta nufa ba, sai kukan wani jaki da ya ji daga bayansa. Kuka na tsaye, ko ganye bai motsa ba.

Ya ajiye bakan gefe. Ya zauna a gindin kukar ya yi tagumi. Gudu ba dama, rawani da Tabawa sun riƙe masa ƙafa. Can sai ya tuna da Jatau.

Jatau taubashinsa ne, ɗan dako a kamfanin. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Buhun shinkafa biyu yake ɗauka yana cin rake. Ba shi da mugunta, ba shi da dogon tunani, amma cikinsa rijiya ce gaba dubu.

Kallamu ya ja shi bayan sito ya ce, "Jatau, hannuna ya ɗan yi tsami kwana biyu."

Jatau ya tofar da ɓawon rake. "Ba ka iya ba dai."

"Tsami na ce!"

"To."

"Saurara. Dodon nan cikinsa fanko ne. Ranar wasa, in an tafi cin abinci, ka ɗaga takardar baya ka shige. Ga kibiya, ka riƙe. In ka ji na yi kirari na ce ‘Tafi!’ sai ka soko ta daga ciki ta ƙirji, ka yi ruri, ka tura shi ya kife. Tawa kibiyar ko sama ta tafi ba mai lura, ido duk yana kan dodo."

"Ni kuma me zan ci?"

"Waina. In na auri Tabawa, waina kullum, har ka mutu."

"Da miyar taushe?"

"Har da tantaƙwashi."

Jatau ya haɗiyi yawu. Sannan ya ce, "To bayan dodon ya faɗi, me ake yi masa?"

"Me kuwa za a yi masa? A ja shi sito a ajiye sai baɗi. Ni za a koya wa al'adar Indiya?"

Ranar wasa ta zo. Kafin Gauta ta juye a filin kamfani, har da na ƙauyuka. An kafa rumfuna, an dafa shinkafa kala-kala, yaji na tashi har tsofaffi na atishawa. Ga dodo can tsakiyar fili, tsawonsa ya fi soron Dagaci. Kai uku, kowane da jajayen idanu da haƙora kamar galma, ga ƙaton tumbi an zana masa kogi a kai.

Ana cikin wawar abinci Jatau ya zagaya ya shige. Ciki zafi kamar tanderu, ga wani wari kamar na kananzir. Ya ga an ɗaɗɗaure wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu jar takarda a jikin gorar, ko'ina. Ya ce a ransa, "Kai, 'yan Indiya da karamci, har dodo sun yi wa guzurin alewa." Ya ciro ɗaya ya gatsa. Ɗaci! Ya tofar. Ya huda 'yar ƙofa daidai cibiyar dodo, ya sa ido, ya zauna jiran "Tafi".

Bayan la'asar ganguna suka ɗauka, na 'yan Indiya da kalangun gari, kowa na nasa. Sai ga keken yaƙi. Amalanke ce aka lulluɓe da ƙyalle mai ƙyalli, aka ɗaura mata bijimai biyu da aka shafa wa ƙaho fenti. A kai Kallamu ne tsaye. An ɗaura masa wani rawayan zani, an naɗe shi ta tsakanin ƙafafu. Ba riga. Haƙarƙarinsa a waje, kana iya ƙirga su daga bakin tasha. Ga kambun kwali mai ruwan zinariya, ga 'yan kunne, ga kwalli rangaɗau. Gashin baki kuwa ranar ya sha man kaɗe har yana ɗiga.

Wata tsohuwa ta ce, "Wannan yariman ba a ba shi abinci ne a gidansu?"

Tabawa na sahun gaba, ta ci kwalliya, ranar ko kasko ba ta ɗora ba. Dagaci na zaune ƙarƙashin rumfa, rawanin Sarkin Baka na naɗe a kan tire kusa da shi. Kallamu ya dubi rawani, ya dubi Tabawa, ya ji kansa ya ƙara girma har kambun ya matse shi.

Ya ɗaga baka sama ya ɓarke da kirari.

"Sai ni Kallamu na kan dutse! Sai ni ɗan gidan Banajit! Na sha madarar damisa, na yi sakace da haƙorin kada! Dodo, yau uwarka za ta yi kwanan zaune!"

Mata suka rangaɗa guɗa.

Aka kawo wa Iya Malati kujera ta taka, ta ɗaure masa ido da baƙin ƙyalle, tam. Sannan ta karɓi kibiya daga hannun ɗanta. Kibiyar kuwa an naɗe bakinta da tsumma. Ta tsoma shi a gwangwanin kananzir, ta ɗana masa a baka, ta ƙyasta ashana. Fuu! Wuta ta kama.

Ashe haka wasan yake ƙarewa. Yarima ya harbi dodo da kibiyar wuta, dodo ya kama, nokawut ɗin da aka cika cikinsa da su su yi ta fashewa har ya zama toka. Kowane yaro a garin su Iya Malati ya san haka. Ɗan gidan yarima ne kaɗai bai sani ba.

Kallamu ya shaƙi iska. "Wa ke gasa masara a nan?"

Mista Kulkarni ya ce, "Ja, Yarima, ja!"

Ya fara ja. Yana ja, zafi na matso hannunsa.

A cikin dodo kuwa, Jatau ya leƙo ta cibiya. Ya ga wuta. Ya dubi jajayen dunƙulen da ke kewaye da shi. Ya shinshina warin nan. Ya tuna ɗacin da ke bakinsa. Dogon tunanin da bai taɓa yi ba tun haihuwa, ranar ya yi shi gaba ɗaya.

"KALLAMUUU!"

Murya ta fito daga tumbin dodo kamar daga ƙasan rijiya. Ganguna suka tsaya cak. Wata mata ta saki kwanon shinkafa.

"Kallamu, kada ka saki! Wallahi ka saki sai na ci ubanka!"

Wani dattijo ya miƙe. "La'ilaha illallahu! Dodon ya san sunansa!"

"Kuma da Hausa!"

Iya Malati ta ɗora hannu a ka. "Akwai mutum a ciki! Kada ka harba! Kada ka harba!"

Kallamu bai san me ke faruwa ba. Ido a ɗaure, hannu na ƙuna. Ya ja baka ya matso da shi fuska don ya ture ƙyallen da kafaɗa. Wuta ta sami man kaɗe. Fuu! Gashin baki na dama ya tashi, ƙauri ya cika wuri.

"Wayyo gashina!"

Ya saki komai. Kibiya ta yi tsalle kamar kwaɗo, ta faɗa daidai bayan bijimin hagu. Bijimi ya ji zafi a inda bai saba ji ba. Ya yi wani irin kuka, ya fizga, ɗan'uwansa ya bi shi. Amalanke ta yi gaba, yarima ya yi baya. Tim! Ya zube a ƙasa, kambu ya yi nasa wuri.

Jatau kuma ya nemi ƙofar da ya shigo ya rasa. Sai kawai ya sa kafaɗa a gorar, ya yunƙura kamar zai ɗauki buhu. Dodo ya miƙe. Dodo ya yi tangaɗi. Dodo ya fara tafiya.

Filin nan ya watse. Mai ɗa ta manta ɗa, mai sanda ya manta gurguntaka. Makaɗan kalangu suka haye katanga da kalangunsu.

Kallamu ya fizge ƙyalle daga ido. Abin da ya fara gani shi ne kai uku a sama suna rangaji, da ƙafafu biyu a ƙasa cikin silifas, sun nufo shi. Shi dai ya san Jatau ne. Amma ƙafafunsa ba wanda ya sanar da su.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba!

"Tsaya, macuci!" in ji dodo. "A ajiye sai baɗi, ko? Tsaya in nuna maka baɗi!"

"Jatau, ka yi wa Allah! Har da tantaƙwashi fa na ce!"

"Gasa ni za ka yi saboda waina?"

Suka zaga rumfar Dagaci. Suka zaga tukwanen abinci. Bakin zanin yarima ya maƙale a ƙafar wani benci, ya fara warwarewa. Kallamu na gudu zani na kwancewa, yana gudu yana kwancewa, har ya bar shi shimfiɗe a fili kamar an yi shanya. Ya rage daga shi sai wani gajeren wando mai faci biyu a baya, facin ma kowanne da kalarsa. Haka ya wuce ta gaban Tabawa. Ta bi shi da kallo har ya ƙure.

A bayan injin akwai tsibin ɓuntun shinkafa, ya yi tudu kamar dutse. Kallamu ya rufe ido ya yi nitso a ciki, tsulum, sai tafin ƙafafu a waje. Dodo ya zo zai taka birki, kai uku suka rinjaye shi, ya kife, rugum! Gora ta kakkarye. Jatau ya rarrafo daga tumbi, jiƙe sharkaf da gumi, kibiya na hannunsa.

Da ƙura ta lafa, jama'a suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa na cewa shi dama bai gudu ba. Dagaci ya iso yana haki.

"Jatau! Me kake yi a cikin dodon mutane? Wannan kibiyar fa?"

Jatau bai iya ƙarya ba, kuma ranar ko ya iya ba zai yi ba. Ya kwashe komai ya faɗa, tun daga tsamin hannu har miyar taushe. Aka yi ta salati. Masu dariya na yi har suna riƙe ciki.

Dagaci ya ce, "A jawo mini shi."

Aka kama ƙafafu aka ja. Kallamu ya fito fari fat da ɓuntu, gashin baki ɓangare guda, ɗan kunne guda. Duk abin da Jatau ya faɗa ya ji shi daga ciki. Ya auna, ya ga ba bakin da zai kare kansa da shi. Sai kawai ya saki jiki, ya rufe ido, ya ɗauke numfashi. Ya mutu.

Aka girgiza shi, shiru. Aka yayyafa masa ruwa, shiru. Aka ɗaga hannunsa aka saki, ya faɗi yaraf. Ɓuntu na cin sa ta ko'ina, ƙaiƙayi kamar ya yi hauka, amma gawa ba ta susa.

Wasu suka fara tsorata da gaske. "Kai, ko dai zuciyarsa ce ta buga?"

Iya Malati ta matso, ta durƙusa, ta gyara tabarau. Ta ga fatar idon mamaci na rawa. Ta ga babban yatsan ƙafarsa na ƙoƙarin sosa ɗan'uwansa a ɓoye. Ta miƙe a hankali, ta ja mayafi ta rufe kai, ta yi murya irin ta ta'aziyya.

"Ranka ya daɗe, sai haƙuri. Yarima ya faɗi a fagen fama."

Ta ɗan kanne wa Dagaci ido. Dagaci tsohon hannu ne, nan take ya gane. Ya ce, "Allahu akbar. To, a sanar da liman."

"A'a, ranka ya daɗe. Wannan gawar tamu ce. Ba shi da bakinsa ya ce an yi masa wanka da madara an mai da shi ɗan gida ba?"

Jama'a suka ce, "Ya faɗa! Kullum sai ya faɗa!"

"To mu a wurinmu, ɗan gidan yarima ba a binne shi kamar kowa. Girmansa ya wuce nan. Itace ake tarawa, a ɗora shi a kai, a zuba mai, a sallame shi da daraja."

Gawa ta ƙara runtse ido.

Dagaci ya shafa gemu. "To, al'ada al'ada ce. Ba ma shiga tsakanin mutum da danginsa."

Jatau ya ce, "Ni zan kawo itacen. Ga ma gorar dodo, ta riga ta sha kananzir."

Tabawa ta ce, "Akwai man gyaɗa a gida, na suyar gobe. Na bayar sadaka."

Aka fara jibga gora kusa da shi, kwaram, kwaram. Gumi na tsattsafo wa mamaci a goshi. Iya Malati ta ciro kwalin ashana ta girgiza shi daidai kunnensa, caka-caka. Ta zaro tsinke.

Ƙyas!

Gawa ta yi tsalle sama kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Wace Indiya? Wace Indiya, jama'a? Wallahi ko fasfo ba ni da shi! Ni Kallamu ne ɗan Mati mai jaki, a nan aka yanke mini cibiya! Ikko na je! Gadi na yi a gidan wani ɗan Indiya, ta taga nake leƙen talabijin! Bakan ma adon bango ne, matar gidan ce ta yar na tsinta!"

Fili ya kece da dariya, har masu kalangu suka diro daga katanga. Iya Malati ta hure ashanarta. Dagaci ya share hawaye da bakin rawani, ya ga mutum tsaye a gajeren wando yana susa da hannu biyu, sai tausayi ya ɗan kama shi.

Ya ce, "To, ya isa haka. Ko ba komai dai mutumin nan ya yi gadi a Ikko. Gadi ma ai aikin maza ne."

Jatau ya ce, "Wane gadi, ranka ya daɗe? Lokacin ina dako a Ikko, ni na kai shi gidan. Kare ne ke gadi. Shi wankan karen yake yi."